Tambaya da Amsa: Ba wanda ya yi magana kan bayin gona a Rasha ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karanta tarihi, an koya mana cewa sai a 1861 aka 'yanta bayin gona a Rasha. To abin da ke damuna, duk tsawon shekarun nan ba a samu ko mutum ɗaya da ya buɗe baki ya ce wannan zalunci ne ba? Ko kowa tsoron sarki yake ji?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara basira. An samu mana, kuma wallahi sun ɗanɗana kuɗarsu.

Tun dokar 1649 aka ɗaure manomi da gonar ubangidansa, ba shi da ikon tashi, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, tafi-tafi har abin ya kai ana sayar da mutane ana raba uwa da ɗa. A 1767 kuma Sarauniya Katarina ta biyu ta haramta wa bayin kai mata ƙarar iyayengijinsu. Kin ga ke nan wanda ake zalunta an toshe masa baki, sai dai wani daga cikin masu gata ya yi magana a madadinsa, kuma abin da ya faru ke nan.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Aleksandr Radishchev. Ɗan manya ne fa, gidansu ma suna da bayi, gwamnati ce ta tura shi karatu Leipzig a Jamus, ya dawo har ya zama shugaban kwastan na Petersburg, wato mutum ne da in ya yi shiru zai ci ya sha ya mutu cikin rufin asiri. Amma a 1790 sai ya sa injin ɗab'i a gidansa ya buga littafi kan tafiya daga Petersburg zuwa Mosko, kowane zango da abin da matafiyin ya tarar. A wani zangon ya iske manomi yana huɗa ranar Lahadi cikin zafin rana, ya tambaye shi dalili, manomin ya ce ai kwana shida na mako duk na ubangida ne, tasa gonar sai ranar Lahadi ko kuma cikin dare. A wani kuma gwanjon mutane ake yi, har da tsohon da ya taɓa ceton ran maigidan da matar da ta shayar da ɗan gidan. Bai tsaya kan masu gonaki ba, ya taɓo mulkin mutum ɗaya da ba doka a samansa, ya kuma yi gargaɗin cewa in ba a saki mutanen nan ba jini zai kwarara.

Lokacin bai yi masa kyau ba sam, don shekara ɗaya ke nan da juyin juya halin Faransa. Katarina ta karanta littafin da kanta, ta ce ɗan tawaye ne da ya fi Pugachev muni, shi kuwa Pugachev shi ya jagoranci boren da ya girgiza ƙasar daga 1773 zuwa 1775. Aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi korar shekara 10 zuwa Ilimsk a Siberiya. Bayan mutuwarta ɗanta Paul ya bar shi ya dawo, ya rasu a 1802.

Kafin shi ma akwai Nikolai Novikov, wanda tun 1769 yake fitar da mujallar shaguɓe yana caccakar masu gonaki marasa imani. A 1792 aka jefa shi kurkukun Shlisselburg ba tare da shari'a a kotu ba, sai 1796 ya fito duk ya lalace.

Daga nan abin ya tashi daga takarda. A Disamban 1825 wasu hafsoshin soja suka fito da dakarunsu a Petersburg suna neman a taƙaita ikon sarki, aka buɗe musu wuta da igwa, aka rataye biyar, cikinsu har da marubucin waƙa Ryleev, sama da 100 aka kora Siberiya. Masanin falsafa Chaadaev kuwa da wasiƙarsa mai sukar halin da Rasha ke ciki ta fito a 1836, Sarki Nikolas na ɗaya cewa ya yi mahaukaci ne, aka sa likita yana zuwa duba shi a gida, ni wannan ya fi min kurkuku ciwo. Marubuci Herzen ya ga ba dama ya bar ƙasar, daga Landan yake buga jaridarsa Kolokol tun 1857 ana shigar da ita Rasha a ɓoye.

Kar dai ki ɗauka alƙalami kaɗai ya kawo 1861, kayen da Rasha ta sha a yaƙin Kirimiya a 1856 da tsoron boren manoma sun fi matsa wa Sarki Aleksandr na biyu lamba. Amma jami'an da suka rubuta dokar sun tashi ne suna karanta irin waɗannan rubuce-rubucen, don haka ba zan yarda a ce wahalar banza suka sha ba. Ita ma 'yantarwar ba ta cika ba, mutum kusan miliyan 23 aka saki amma aka ɗora musu biyan kuɗin gonar da aka ba su na shekara 49, ba a yafe bashin ba sai 1907.