Amsa ga mai son ƙara wa Hilux tsayi da kuɗi kaɗan

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da yamma, ya ruwa? Ƙanena, na saurari muryarka tun da hantsi ina Kwangila, sai yanzu na samu zama. Ka ce Hilux Vigo gare ka mai ogzilari, wato mai jan taya huɗu, kana shiga ƙauyukan Giwa da Makarfi ɗauko masara, cikinta na dukan ƙasa, kuma wani mai kayan gyara ya nuna maka kayan ɗagawa na inci 3 masu araha, kana neman shawara ka saya ko ka bari. To ka riƙe kuɗinka tukuna, don Allah.

Abu na farko, gobe da safe ka shiga ƙarƙashin motar da tocila ka duba ina ne yake gogar ƙasa. Wurin ba ya ɓuya, za ka ga ƙarfen ya yi ƙyalli ko laka ta daskare a jiki. In tulun bak-aksul ne, wato wannan ƙullutun da ke tsakiyar aksul ɗin baya, to ko inci 10 ka ɗaga motar, shi yana nan inda yake. Shi sifirin, bodi da shasi yake ɗagawa, aksul kuwa a kan taya yake zaune. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Misali in 265/70R16 kake sawa ka koma 265/75R16, tsayin tayar ya ƙaru da kusan inci 1, kai kuma ka samu rabin inci a ƙarƙashin tulun. Kaɗan ne, amma a hanyar da tirela ko tarakta ta haƙa ramuka biyu ta bar tudu a tsakiya, wannan rabin incin shi ke raba wanda ya wuce da wanda ya kwana.

In kuwa gindin motar ne ke zaunawa da ka yi lodi, mai yiwuwa sifirin ɗin baya ne ya gaji. Ka dube shi babu kaya a ciki. Lafiyayye za ka gan shi a lanƙwashe kamar baka, wanda ya mutu ya miƙe sambal, wani ma ya fara juyawa. Yawancin Vigo da ke hannunmu sun haura shekara 10, tunda a 2015 aka canja samfurin, kuma buhu suke ɗauka kullum. Irin wannan motar in ka sa mata sabon sifirin da shoka mai kyau, tsayin da ta rasa ne zai dawo, sai ka ga ba ka ma bukatar wani ƙari.

Yanzu kayan da aka nuna maka. Na tabbata sifesa ce, zoben ƙarfe ko na roba mai tauri da ake ɗorawa a saman shokar gaba, da wani bulo da ake sawa tsakanin aksul da sifirin a baya. Ni na sa irinta, shi ya sa maganar ta dame ni. Na saye ta wurin wani, ba zan kama suna ba, aka ɗaura, motar ta tashi ta yi kyau ƙwarai. Ba a yi wata biyu ba na fara jin ƙas-ƙas-ƙas a gaba duk lokacin da na karya sitiyari. Ranar da abin ya same ni ina bayan Giwa cikin watan Agusta, buhu 8 a baya, hadari ya haɗo. Na sa ogzilari zan haye wani rafi, sai ƙara, tayar gaba ta daina ja. Da na leƙa, robar shaf, wato sandar da ke juya tayar gaba, ta yage, giris ya fantsame jikin rim baƙi ƙirin, yashi ya cika ciki. Yaran garin ne suka sauke buhunan nan ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwa, biyu suka jiƙe, sai bayan isha'i muka fita.

Dalilin shi ne gaban Vigo ba aksul ɗaya ne miƙaƙƙe irin na Land Cruiser 79 ba. Kowace taya da hannuwanta biyu, na sama da na ƙasa, kuma shaf ne ke kawo mata ƙarfi. Da ka ɗaga gaban da yawa, shaf ɗin ya karkace, boljoyin na sama, wato gaɓar da ke haɗa hannun sama da taya, ya kai maƙura, alaimen, wato saitin tayoyi, ya ƙi zama, taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Kuma ka lura, shokar a tsakiyar hannun ƙasa take zaune, don haka sifesa mai kaurin inci 1 kusan ninkinsa take ɗaga motar. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su sayi mai kauri. Shi ya sa masu wannan harka suke tsayawa a inci 2, wato milimita 50. Da ka wuce nan sai ka sayi wasu hannuwan sama, ka sauke difa ɗin gaba, wato tulun gaba, ka duba tsawon tiyon burki, arahar ta tafi ke nan.

Bulon baya kuwa, ga mai ɗaukar hatsi, ni ban yarda da shi ba sam. Ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi ko kaɗan, kuma yana sa aksul ya riƙa murɗawa in ka ba ta wuta a laka. Gara a ƙara maka falle ɗaya na sifirin a kowane gefe da sabbin yu-bol, wato ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksul. Kada ka bari a kai tsohon sifirin wurin maƙeri a gasa shi da wuta a lanƙwasa, ƙarfen ya mutu ke nan.

In da hali, cikakken saiti ya fi: sifirin gaba, na baya, shoka huɗu da bushin, wato robobin mahaɗa, duk an yi su don juna. Old Man Emu, Ironman, Dobinsons, duk kamfanonin Ostareliya ne masu yin irin wannan saitin kuma sun san Hilux. Farashi ba zan faɗa ba, dala yake bi. Suna yin sifirin ne gwargwadon nauyin da mota ke ɗauka kullum, sai ka faɗi gaskiyar lodinka, domin mai ƙarfi sosai in motar ba kaya zai riƙa dukan ka a baya. In kuɗin bai kai ba, ka fara da sifirin baya da shokar kamfanin KYB ta asali, gaba ya jira kaka. In za ka Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka tafi da makanikinka, jabu ya yi yawa. Shokar Beljiyam kuma ka danna ta da hannu, in ta shige ba gardama ko ka ga danshin mai a jikinta, ajiye musu.

Sannan don Allah, ɗaga mota ba ya ƙara yawan kayan da za ta iya ɗauka. Buhu 10 na kilo 100 tan guda ne, ka riga ka kai iyakarta ko ka wuce, burkin kuma shi ne dai na da. Nauyi ya koma sama, a kwana za ka ji tana rinjaya, sai ka rage gudu a titin Funtuwa.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kai. A sauke motar daga jak tukuna kafin a ƙarasa ɗaure notin bushin, in ba haka ba robar za ta tsage da wuri. A yi alaimen ran nan, bayan mako guda a sake ɗaure yu-bol. Kafin komai ka sa tef ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, duk huɗun, a wuri mai lebur, ka turo min lambobin da hoton sifirin. Ranar Asabar ina garejin Sabon Gari bayan azahar, ka kawo ta mu shiga ƙarƙashi tare. An kira magariba, sai na ji ka.