Tambaya da Amsa: Yaya kwamfuta ke zaƙulo tsohon aiki don tsara sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin injiniyanci ne. Na ji cewa wasu manhajojin ƙirƙirarriyar basira, in aka ba su aikin tsara wani abu, sukan lalubo aikin da aka taɓa yi mai kama da shi su ɗora a kai. To ta yaya na'ura ke gane kama? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan dabara ta samo tushe daga binciken Roger Schank a Jami'ar Yale ta Amurka a farkon shekarun 1980. A 1994 Agnar Aamodt da Enric Plaza suka kasa ta matakai huɗu: zaƙulo tsohon aiki, amfani da shi, gyara shi, sannan adana sabon. Tambayarka kan na farko take, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Da ma'auni na'ura ke gane kama. Kowane tsohon aiki ana ajiye shi a rumbun bayanai da siffofinsa, da maganin da aka yi, da abin da ya biyo baya. A ce za a tsara famfon sola na rijiyar burtsatse: zurfi mita 60, buƙatar ruwa lita 10,000 a rana. A rumbu akwai aiki na ɗaya (mita 55, lita 20,000) da na biyu (mita 80, lita 10,000).

Da farko sai a mayar da siffofin kan sikeli guda, in ba haka ba dubban litoci za su danne 'yan mitocin zurfi. In tazarar zurfi a rumbun mita 100 ce, ta ruwa kuma lita 40,000, bambancin aiki na ɗaya da sabon zai zama 0.05 a zurfi da 0.25 a ruwa. Na biyu kuwa 0.2 a zurfi, sifili a ruwa.

Sai a ba kowace siffa nauyi, wato gwargwadon muhimmancinta, a ninka bambancinta da shi, a tara a sami nisan tsohon aiki da sabon; mafi ƙarancin nisa shi ne mafi kama. Ka ba zurfi 0.7, ruwa 0.3: nisan na ɗaya 0.11, na biyu 0.14, na ɗaya za a ɗauko. Ka raba nauyin rabi da rabi: na ɗaya 0.15, na biyu 0.10, zaɓin ya juye. Ka ga kenan rumbu ɗaya, tambaya ɗaya, amsa biyu. Shi ya sa muke ganin kuskure ne babba a bar wanda bai san aikin ba ya sa nauyin.

In rumbun ya yi girma, akan yi tankaɗe biyu: na farko mai sauri ya ware kamar ayyuka goma, na biyu ya duba ko sassansu na aiki da juna iri ɗaya. Ka kula da na biyun sosai, domin kama da wane ba ta wane. Rijiyoyi biyu na iya yin zurfi ɗaya, amma ruwan ɗaya ya riƙa ja baya sosai da an kunna famfo. In ba a rubuta wannan siffa ba, manhajar za ta kawo famfon da zai riƙa jan iska har ya ƙone.

Wata matsalar ita ce adana nasara kaɗai. Manhajar CHEF ta Kristian Hammond, mai tsara girkin Sin, ta kauce wa wannan: ta taɓa haɗa naman sa da wani kayan lambu, ruwan naman ya sa ganyen ya yi laushi. Ta ajiye dalilin, daga nan in ta ga nama da ganyen da ba a so ya yi laushi takan tuna a soya su daban.

A masana'anta ma an gwada: a 1990 kamfanin Lockheed ya fara amfani da manhajar Clavier wajen jera sassan jirgin sama a cikin tandar gasa su. Ta riƙa kawo tsarin jerin da ya taɓa yin kyau, ma'aikaci ya duba ya gyara kafin a rufe tandar.