Amsa: Kwamfuta na daskarewa bayan sabunta Windows

Malam, sannu da fama. Ka ce tun da Windows ta sabunta kanta kwamfutarka ke daskarewa, har linzami ya daina motsi. Don Allah kada ka yi gaggawar goge komai.

Na fi zargin direban katin hoto, wato manhajar da ke haɗa Windows da katin da ke nuna hoto a allo, domin sabuntawa kan ɗora wanda bai jitu da na'urar ba. In ta sake tsayawa, danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B tare. Idan allon ya ƙifta ta farfaɗo, to direban ne mai laifin. Sai ka riƙe Shift yayin da kake danna Restart, ka shiga yanayin kariya, wato Safe Mode, ka mayar da tsohon direban ko ka sauko da sabo daga shafin kamfanin katin.

Amma ka fara cire firinta da duk abin da ke jone ta USB, ka bar madannai da linzami kawai. Sau da yawa nan matsalar take.

Abin da na fi so ka kula da shi: bayan babbar sabuntawa, kwana 10 kacal Windows ke ba ka damar komawa tsohon zubi. Yaushe aka yi taka? Ka kwafe muhimman fayilolinka tukuna.