Amsar tambayar da aka yi kan fashewar saifa a jikin bakwaini

Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata Sista, na saurari tambayarki, kin ce yaya za a gane saifar bakwaini ta ji rauni, kuma me ake yi a kai. To ku yi haƙuri da muryata, daga aikin dare na fito.

Abin ba kasafai yake faruwa ba, hanta ce ta fi jin ciwo wajen haihuwa. Shi ya sa ma tunanin mutum ba ya saurin zuwa kan saifa. Ana samunsa bayan naƙuda mai wahala, ko yaro ya zo ta gindi aka ja shi, ko an daddanna masa ƙirji don farfaɗo da shi. Wani kuma dama saifar a kumbure take tun a ciki, saboda rashin jituwar jinin uwa da ɗa, matsalar Rhesus ke nan, ko tunjere. Kumburarriyar saifa kuwa ba ta da wuyar tsagewa. Ga bakwaini jininsa ba ya daskarewa da kyau.

Inda yake yaudarar mutane shi ne, saifa tana da 'yar fata da ta lulluɓe ta. Jinin sai ya fara taruwa a ƙarƙashin fatar nan, yaro yana kwance a kwalba lafiya lau, kwana ɗaya, kwana biyu. Ranar da fatar ta fashe, sai ki ga ya yi fari fat, zuciya na bugawa da sauri, ciki ya kumbura yana sheƙi. Na taɓa ganin wani, kowa ya tafi a kan cewa ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini, har an canza masa magani. Wata nas ce tana canza masa kunzugu ta ce, "Likita, zo ka ga." Jakar marainansa ta kumbura ta yi shuɗi-shuɗi. Jinin cikin ne ya gangaro can. Wani lokacin a kewayen cibiya ake ganin launin.

Ku yi lissafin nan tare da ni. Bakwaini yana da jini kamar mililita (mil) 90 zuwa 100 a kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 1.5 duka jininsa bai wuce mil 150 ba. Sirinji uku na mil 10, ya rasa kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Don haka ba a jira. A auna jini, a sake aunawa, don na farko yana iya fitowa daidai. A jawo na'urar sikanin zuwa bakin kwalbar, a duba ciki, a leƙa kai ma, tunda bakwaini sun fi zubar da jini a ƙwaƙwalwa. Hoton ciki na X-ray kuma yana taimakawa a tabbatar ba hanji ne ya huje ba.

Magani, a fara da ƙarin jini, mil 10 zuwa 20 a kowane kilo, da bitamin K, da ruwan jini mai taimaka wa daskarewa idan da buƙata, a kula kada ya yi sanyi. A kira likitan tiyatar yara tun da wuri. Idan yaro ya daidaita, sau da yawa ba a buɗe shi, sa ido kawai ake yi tsagar ta warke. Idan jini ya ƙi tsayawa sai tiyata, a can ma ƙoƙarin ɗinkewa ake yi ko a bar wani ɓangare.

Ni dai ba na son jin an ce "a cire kawai". Tun 1952 wasu likitoci biyu, King da Shumacker, suka ba da rahoton jariran da aka cire wa saifa, cuta ta riƙa kama su farat ɗaya, wasu suka rasu. Saifa ce ke tace ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu da sanƙarau. Idan dole ta sa aka cire, yaro zai riƙa shan penisilin kullum na shekaru, a cika masa rigakafi, a kare shi daga maleriya. Sista, ki zaunar da uwar kafin sallama ki gaya mata, duk ranar da jikinsa ya yi zafi, ko da tsakar dare ne, ta kawo shi asibiti a lokacin.