Bakin alƙalamin buroshi ya baje, layuka kuma duk kauri ɗaya

Maigida, sati uku ke nan da na fara rubutun ƙawa da alƙalamin buroshi. Bakinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya, kuma a haruffana ba a gane layi mai kauri da siriri. Ko dai alƙalamin ne ba shi da kyau?

Alƙalamin ba shi da laifi, yaro. Riƙonka ne ya kashe shi, takarda ta ƙarasa. Kana tsayar da shi cak kamar biro, kana danna tsininsa. Kwantar da shi ya yi kusan digiri 45 da takarda, ka riƙe shi nesa kaɗan da baki, jikinsa yana kallon gefe. Da haka, in ka danna, cikin bakin ne zai kwanta ya ba ka kauri. In tsinin ka danna, zaren ne ke murƙushewa, kuma bakin da ya baje ba ya komawa daidai. Wancan tsohon kada ka yar, ka ajiye shi don cike manyan haruffa.

Ƙa'idar ba ta da yawa: in hannu zai sauko ka danna, in zai hau ka sassauta har bakin ya riƙa shafar takarda kawai. Wahalar tana wurin kwana. Ɗauki harafin u. Ka sauko da nauyi, amma ka fara sakin hannu tun kana kashi biyu bisa uku na saukowar, ta yadda kafin ka iso gindi layin ya riga ya sirance. Wanda ya jira sai ya kai ƙasa sannan ya saki, gindin harafinsa zai kumbura ya yi tulu. A harafin n kuwa sai ka juya abin: ka hau siriri, ka zagaye kan, sannan ka fara dannawa. Kuma ka daina jan kalma a numfashi ɗaya. Harafin a bugu biyu ne, da'ira mai kama da ƙwai sannan sanda mai wutsiya, ana ɗaga alƙalami a tsakani. Ƙugiyar ɗ da ta ƙ ma bugu ne na daban, siriri, sai an gama jikin harafin ake ɗora ta.

Layin hawa zai riƙa rawa da farko, kowa haka ya fara. Ka ja shi da dantse, yatsu su tsaya wuri ɗaya, ka saka wata 'yar takarda ƙarƙashin hannu don ya riƙa zamewa.

Sai takarda. Shafa ta da bayan yatsa. In ka ji kaushi, to tana cin bakin alƙalami kamar sanfefa. Nemi mai santsi irin Rhodia, ko takardar firinta mai santsi mai nauyin giram 120 (a kowane murabba'in mita), ko takardar kwafi da ake ganin abin da ke ƙarƙashinta. Takardar fentin ruwa mai giram 300 tana da amfani in za ka haɗa launi da ruwa, amma kada ka yi atisaye a kanta.

A ganina ka fara da ƙaramin baki mai tauri, kamar Tombow Fudenosuke ko Pentel Touch, ƙananan haruffa su kai tsayin milimita 5 zuwa 7. Babba irin Tombow Dual Brush yana son fili, santimita 1.5 zuwa 2. In ka matse shi a ƙaramin layi, cikin haruffan a da o zai toshe da tawada. Ja layukan jagora da fensir da rula: na gindi, na saman ƙananan haruffa, na dogaye irin l da h, sai na karkata a digiri 55 don haruffa su jingina gefe ɗaya. Kullum ka yi minti 15 kana maimaita kalmar inuwa, don ta tara kwanar sama, ta ƙasa da da'ira.

In za ka yi kati ko allon bango, ka zana tsarin da fensir tukuna, ka fara daga kalmar tsakiya don rubutun ya zauna daidai. Tawadar Dual Brush ta ruwa ce, ko damshin yatsa yana ɓata ta, saboda haka ka bar ta ta bushe sosai kafin ka goge fensir, ka yi gugar a hankali. Alƙalami mai baki biyu irin Dual Brush kuma a kwance ake ajiye shi, da murfi a rufe gam.