Geji ya nuna 12 a silo, kada ka taɓa turbo tukuna

Ka ce Golf ɗin nan mai turbo da aka kawo maka tana rawa a silo, ka sa gejin auna zuƙar iskar injin ya nuna 12, wai ko ka kwance turbo. A'a ɗana, bar shi inda yake. A silo totur a rufe yake, turbo juyi kawai yake ba ya tura komai, fistin ne ke zuƙar iska, to in zuƙar ta yi ƙasa laifin yana bayan totur ne ko cikin injin.

Da farko ina ka jona gejin? A manifol na shigar iska, wato bututun da ke raba wa fistin iska bayan totur, za ka jona, injin da zafinsa, AC a kashe, don irin waɗannan motocin wasu suna da famfon zuƙa daban na birki, in ka jona can ƙarya zai faɗa maka. Lafiyayyen injin fetur 17 zuwa 22 yake bayarwa, sai dai tudu na rage shi, kusan 1 a duk ƙafa 1,000, shi ya sa motar da ta ba ka 19 a Legas ta je Jos ta nuna 15 kuma lafiyarta lau.

Yanzu zuba wa allurar ido. In ta tsaya cak a ƙasa, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ko kuma taimin ya yi tsalle. Fara da mai arha, tana silo ka gwada buɗe murfin baƙin mai, in ka ji ya liƙe kamar ana jansa daga ciki kuma ga wani fito siriri, robar PCV ce ta yage, wato bawul ɗin da ke fitar da tururin cikin injin, wallahi a injin 2.0 na VW da Audi sau da yawa nan ne, na sha ganin an sa mutum ya sayi turbo a banza kan wannan 'yar robar, abin yana ci mini rai. In ba nan ba bi tiyon birki, in a manifol yake jone, da ƙananan tiyoyin ka matse su ɗaya bayan ɗaya da filaya, wanda ka matse allura ta hau shi ne. Gasket ɗin manifol kuma fesa masa kabkilina, ruwan wanke kafireto, kaɗan ka saurari injin, amma nesa da salansa don Allah.

In allurar na faɗuwa tana dawowa a kai a kai, bawul ne, auna kamfireshan. In ka riƙe injin a juyi 2,500 a minti allurar geji na sauka a hankali, indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ya toshe.

Gwada murfin man tukuna ka kira ni.