Wai annoba tana canja wani abu kuwa bayan ta wuce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Lokacin korona duk inda mutum ya shiga sai an ce wanke hannu, sa takunkumi, yanzu kuwa an watsar kamar ba a taɓa yi ba. Wai da gaske annoba tana canja tsarin gwamnati da halin mutane, ko dai hayaniya ce ta ɗan lokaci?

Amsa: Wa'alaikumus salam malam. Tana canjawa sosai ma, sai dai ba a wajen da kake dubawa ba. Takunkumi da bokitin wanke hannu dama na gaggawa ne, ba wanda ya yi tsammanin za su dawwama. Abin da ke zama shi ne wanda aka sa a doka, ko aka ware masa kuɗi, ko aka gina shi da siminti.

Ɗauki Landan. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, wani likita John Snow ya bi gida gida yana lissafa mamata har ya gano yawancinsu daga famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, aka cire hannun famfon. Amma kar ka ɗauka nan take hukuma ta yarda da shi, a'a, a lokacin an fi yarda cewa wari ne ke kawo cuta. Sai a 1858 da ɗoyin kogin Thames ya hana 'yan majalisa sakat aka saki kuɗin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, kuma har yau ana amfani da su. Wato dalilin nasu ba daidai ba ne amma aikin ya yi daidai, haka abin yake sau da yawa a harkar nan.

SARS, cutar numfashi ta 2003, ba ta kashe mutane da yawa ba idan aka gwada da korona, ba su kai 800 ba, amma saboda Sin, inda cutar ta fara, ta yi jinkirin sanar da duniya sai aka sake dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa a 2005. Da can cututtuka uku kacal ake tilasta wa ƙasa ta kai rahoto, kwalara da shawara da annobar ɓera, yanzu duk wani abu da ka iya tsallaka iyaka dole a sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) cikin awa 24 da tantance shi. Ko ana bi ko ba a bi wannan wata magana ce daban.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Koriya ta Kudu. A 2015 cutar MERS, ita ma ta numfashi, ta shiga ƙasar, mutum 186 suka kamu 38 suka rasu, kuma a cikin asibitoci ta fi yaɗuwa, gwamnati kuma ta ƙi faɗin sunayen asibitocin da farko wai kar a tada hankali, mutane suka fusata suka shiga haɗa nasu jerin a intanet, jita-jita ta cika gari. Bayan ƙura ta lafa aka gyara doka yadda hukuma za ta riƙa bayyana inda mai cutar ya bi, aka kuma buɗe hanyar amincewa da kayan gwaji cikin gaggawa. Shi ya sa da korona ta zo a 2020 suka riga kusan kowa fara gwaji mai yawa, mutum na zaune a motarsa a ɗauki samfur ya wuce. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, su kam jikin ne ya ji tukuna.

To halin mutane fa, nan ne abin ya fi wuya. Ni a ganina mutane ba alkaluma suke riƙewa ba, yadda aka yi musu suke riƙewa. Lokacin Ebola ta 2014, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, taɓa gawa na cikin manyan hanyoyin kamuwa. Ma'aikata su zo cikin fararen kaya ba a ganin ko fuskarsu, su sa mamaci a leda su tafi, a Monrovia har ƙona gawa aka wajabta. Me kake tsammani? Mutane suka koma ɓoye marasa lafiya suna binne nasu cikin dare. Sai da aka sake tsari, aka bar dangi su tsaya daga ɗan nesa su gani da idonsu, limami ko fasto ya yi addu'a, sannan aka fara samun haɗin kai. Tun daga nan binne mamaci cikin mutunci ya shiga ƙa'idojin yaƙi da irin wannan cuta.

Akwai kuma inda annoba ke barin tabo. A 1996 lokacin sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200, kusan rabinsu aka ba Trovan ɗin, yara 11 suka mutu cikin waɗanda aka sa a gwajin, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, shari'a ta ja har aka sasanta a 2009 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Da aka zo ƙauracewa rigakafin shan inna, wato foliyo, a 2003 wannan labarin yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, duk da cewa maganin sanƙarau daban, ɗigon foliyo daban, kuma ɗigon ba shi da matsalar da aka ɗora masa. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin, shekara da shekaru, kafin aka ayyana Afirka ta rabu da foliyon daji, wato asalin ƙwayar cutar, a 2020. Wani abin sha'awa, ma'aikata da tsarin da aka gina don foliyo su aka ɗauko lokacin da Ebola ta sauka Legas a Yulin 2014, aka tsayar da ita a kan mutum 20.

Amma kana da gaskiya ta wani ɓangaren fa. Mu a wannan fage mun san zagayen nan, a firgita a zuba kuɗi, a samu sauƙi a manta, na'urori su yi ƙura a sito, waɗanda aka horar su kama gabansu don ba albashi. In kana son sanin ko wata ƙasa ta ɗauki darasi daga korona kar ka duba fuskar mutane ko da takunkumi. Duba ko hukumar yaƙi da cututtuka tana da doka da kasonta a kasafin kuɗi, ko ɗakunan gwajin da aka buɗe a 2020 suna aiki har yanzu, ko injin iskar oksijin na asibiti yana tashi, da kuma kwana nawa ake ɗauka daga ranar da ma'aikacin ƙaramin asibiti ya ga baƙuwar cuta zuwa ranar da labarin ya isa sama.